Na Rubuta Amsoshinsu Tun Kafin Su Buɗe Baki

Salamu alaikum, masu bin labarina. Waɗanda suka saba da ni su ɗan yi haƙuri in gabatar da kaina ga baƙi, domin malama ba ta fara darasi sai ta ga kowa ya sami wurin zama.

Sunana Zuhura. Shekarata ashirin da bakwai, ina koyarwa a wata lakwal, makarantar firamare, a Tamaske, ajin CM2, wato na ƙarshe, yara hamsin da huɗu. Babana ya rasu ina ƙarama. Ƙanensa, Baba Iro, shi ne waliyyina, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Wanda zan aura sunansa Hafizu, ɗan kasuwar albasa ne, yana zaune a Madawa da mahaifiyarsa, Hajiya Fatsima. Babu wanda ya tilasta mini shi. Ni na gan shi, na ji ina so, har yau kuma ban daina ba. An sa rana da zarar an rufe lakwal, akwatuna biyu na kayan aure suna ɗakin Inna, an lulluɓe su da tsohon zane.

Ga inda abin ya tsaya. In zan ci gaba da koyarwa bayan aure, sai na cika takardar neman a maida ni Madawa. Direktanmu zai kai takardun malamai ofishin ilimi na Keita ranar Juma'a da safe, kuma sau ɗaya ake karɓa a shekara. Takardar tana cikin jakata, na cika komai, sa hannu kawai ya rage. Amma saƙo ya zo daga Madawa cewa Hajiya ta ce matar Hafizu ba za ta riƙa fita da jaka kowace safiya ba. In na sa hannu ba da yardarsu ba, kowa zai ce na maida musu kayansu ke nan.

Ranar Litinin, a hutun ƙarfe goma, muna zaune ƙarƙashin bishiyar bedi ni da Nafisa, mai ajin CE1, aji na uku. Ita ce ƙawata tun muna makarantar horon malamai a Tawa. Tana cin ƙosai da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Watanni ke nan da ta sa abin nan na hira da ake ce wa IA, wanda kake rubuta masa tambaya ya ba ka amsa kamar mutum. Ita Mushe Waya take kiransa, wato Malam Waya, don mushe shi ne malam a Faransanci.

"Zo ki ga wani abu, Zuhu," ta ce. "Yau za ki yi dariya ko ba ki so."

Ta rubuta masa da Faransanci: wanne ya fi, a fara koya wa yara karatu ko rubutu? Ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, ya jero dalilai, ya ce karatu. Nafisa ta lashe yatsa ta rubuta: ka yi kuskure. Nan take ya ce ta yi gaskiya, ta gafarce shi, rubutu ne. Ta sake rubuta: ka yi kuskure. Ya ce ta yi gaskiya, ta gafarce shi, ya koma kan karatu, da dalilai masu daɗin ji kamar bai taɓa cewa komai ba.

"Kin gani? Ba kullum yake haka ba, wani lokaci yana tsayawa. Amma in kin matsa mishi, wanda ya yi magana ƙarshe shi ke da gaskiya."

Na yi dariya har ƙosai ya so ya shaƙe ni. Sai dariyar ta yanke.

"Lahiya?" in ji Nafisa.

Na ciro wayata, na buɗe saƙonnin Hafizu, na danna vokal ɗin, saƙon muryar da ya turo mini ranar Asabar. Muryarsa ta fito, mai sanyi, irin wadda ta sa na so shi tun farko:

"Kin yi gaskiya, Zuhu. Aikinki abu ne mai daraja, kin sha wahala kafin ki same shi. Kada ki damu, za mu duba."

Na danna na Lahadi.

"Na yi magana da Hajiya. Wallahi ita ma ta yi gaskiya, gida yana son mai kula da shi. Ki yi haƙuri, za mu duba."

Na danna na safiyar ranar, bayan na tura masa dogon bayani.

"Kin yi gaskiya, ki gafarce ni…"

Nafisa ta ajiye ƙosanta a kan takarda. Ta dubi wayata, ta dubi tata.

"La ilaha! Zuhu, wanga ai ƙanen Mushe Waya ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Kai, Nafisa, ki ji tsoron Allah. Mutum ne fa. Da Inna ta kwanta ciwo bara, wa ya baro buhunan albasa a rana ya zo ya kai ta likita?"

"Ban ce ba shi da kirki ba. Mushe Waya ma ba shi taɓa zagi. Tambayata, yana tunani kafin ya ba ki amsa, ko dai kin danna ne ta fito?"

"Kowa yana tunani."

"Kowa? Baba Iro fa? Shi ai tsohon yayi ne, rediyo mai kaset ɗaya. Ko mi kika ce mishi, waƙa guda za ki ji. Ki bari in faɗa miki abin da zai ce tun daga nan."

"Ba sai kin faɗa ba," na ce. "Na sani."

Aka kaɗa ƙarfe, muka koma aji. Amma maganar ta bi ni har gida.

Bari in yi wa waɗanda ba malamai ba bayani kaɗan. Kowane malami yana da babban kaye, littafin rubutu, da muke kira kayen shiri. Kafin ka shiga aji, sai ka rubuta darasin gobe a ciki. Ka sa sunan darasi da abin da kake so yara su iya a ƙarshe. Sannan ka raba shafi gida uku da rula: gidan farko abin da malami zai yi, na biyu tambayoyin da zai yi, na uku amsar da ake tsammani daga yara. Malami mai kyau, haka aka koya mana, shi ne wanda ya san amsar yaro tun yaron bai ɗaga hannu ba.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, na shirya darasin lissafin rabawa na ranar Laraba. Da na gama, rula tana hannuna, shafi na gaba fari fes. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ja layi biyu. A sama na rubuta: Darasi, aikina bayan aure. Abin da ake so, a bar ni in sa hannu. Na rubuta tambayoyi tara, uku ga Inna, uku ga Baba Iro, uku ga Hafizu. A gida na uku na rubuta abin da kowa zai ce, kalma da kalma, cikin rubutuna mai kyau na allo. Na ce a raina, in ko mutum ɗaya ya kauce wa abin da na rubuta, Nafisa ta faɗi, ni kuma ina da ƙofa.

Talata da rana na fara da Inna. Tana zaune kan kujera ƴar tsugunno tana tankaɗen garin hatsi, ɗankwalinta ya yi fari.

"Inna, maganar takardar nan."

"Ki yi haƙuri, ɗiyata."

Ɗaya ke nan.

"Inna, shekara shida ina aikin nan. Da shi muka sa kwano a ɗakinki."

"Allah shi saka miki. Amma ba ni ke da magana ba, ki ji ta bakin Baba Iro."

Biyu. Na ajiye babbar tambayata a ƙarshe, wadda na yi zaton ko za ta girgiza ta, ko da yake na riga na rubuta amsarta.

"Ke fa, Inna? Ba ke kike ba mu labarin zamanin aikin porje ba, da kuka ɗauki duwatsu a kai kuna jera su a kan tudu don tare ruwa? Kullum kina fita da safe. Itatuwan da muke gani a bayan gari, ke kika ce akwai na hannunki a ciki. Wa ya ce kin bar ɗakinki?"

Hannunta ya tsaya a kan rariya. Na ce yau kam za ta kauce.

"Wancan lokacin yunwa ne, Zuhura," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Na shiga ɗaki na buɗe kaye. Ga shi nan a rubuce: Wancan lokacin yunwa ne. Na ɗauki jan bik, biro ke nan, na yi alamar daidai sau uku.

Baba Iro na same shi a zaurensa bayan ya dawo daga masallaci, carbi a hannu, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa. Na cire takalmi, na durƙusa daga gefe, na gyara hijabi. Muka gaisa, ya tambayi yara da aiki kamar mai jin daɗin aikin.

"Baba, ina neman izini in sa hannu a takardar canjin wuri."

"Ba haka munka ishe ba, ɗiyata."

"Baba, ƴar maƙwabcinmu tana aikin jinya a Buza, da aurenta da ƴaƴanta uku."

"Su ke nan. Kowane gida da nashi."

"To in Hafizu da kanshi ya yarda fa, Baba?"

"Yaro mai ladabi ba shi tsallake maganar uwatai."

Ya sa mini albarka, ya ce in gaida Inna. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata rai ba. Ina ma ya yi faɗa, da na san maganata ta taɓa wani wuri. Shida.

Hafizu na kira shi da yamma, ina tsaye bayan gida inda rezo na waya ya fi kamawa. Ba zan gajiyar da ku ba. Kin yi gaskiya. Ita ma Hajiya ta yi gaskiya. Za mu duba. Ya ƙara da cewa zai shigo Tamaske ranar Alhamis ganin masu lambu, zai biyo.

Tara bisa tara. A aji, in yara suka ba ni duk amsoshin da na rubuta, ranar nakan koma gida da farin ciki. Wannan karon na zauna bakin gado ina kallon jajayen alamun nan, na ji kamar ɗakin ya rage faɗi. Mutum uku da na fi so a duniya, kuma babu abin da zan faɗa musu da ban riga na san inda zai faɗi ba. Ka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, a yi ta amsa maka da ladabi daga ciki, ba mai buɗewa.

Na tura wa Nafisa hoton shafin. Ta maido: "Na gaya miki. Ki sa musu sharji kawai." Ta sa fuskar dariya uku. Ni ban yi dariya ba.

Yanzu ga wautar da na yi, wadda malami ne kaɗai zai iya yin irinta. Kowace Laraba da safe muna ajiye kayen shiri a teburin direkta ya duba, ya sa hannu. Shekara shida ina yi, hannuna ya saba, ba ya neman shawarata. Na shiga, na gaida shi, na ɗora kaye a kan na sauran, na tafi aji. Sai da na rubuta kwanan wata a allo, sannan na tuna shafin tambayoyin nan tara yana cikin kayen.

Direktanmu, Mushe Inuwa, saura shekara ɗaya ya huta. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare a gefe guda, kuma ba ya tsallake shafi. Ko waƙafi ka manta sai ya sa maka.

Da aka fita hutu ya leƙo. "Madam Zuhura, in kin sami sarari."

Na bi shi ofis. Ya zauna, ya buɗe kayen, ya juyo mini da shi. A shafin rabawa ya rubuta Vu, wato an gani, ya sa hannu, kamar kullum. A shafi na gaba ma ya rubuta Vu ya sa hannu. A ƙasa kuma, da jan bik: Tambayoyi a tsare. Amsoshi daidai. Gidan malama ba kowa.

"Mushe, ka yi mini gafara, kuskure ne, ba na lakwal ba ne…"

"Na gani. Amma an kawo mini shiri, aikina in duba. Zauna, ɗiyata."

Na zauna a bakin benci.

"Dubi gidan farko. Mi kinka rubuta a wurin abin da malama za ta yi?"

Na duba. Wallahi ban tuna na rubuta komai a wurin ba. Amma ga shi, a gaban kowace amsa, da hannuna: To. To. To. Sau tara.

"Nafisa ta ce mutanen gidanmu kamar abin hirar nan na waya suke," na ce, don in kauce. "Ana dannawa, amsa tana fitowa."

"Na san abin, jikana ya nuna mini. Ni ban yi mamaki ba, ai maganar mutane aka tara mishi ya koya. Amma bari in tambaye ki. Shekarar da aka ba ki ajin zana, iska yana kwashe shi kowane mako, mi kinka ce?"

"Na ce to."

"Da aka haɗa miki aji biyu wata huɗu?"

"Nan ma to na ce."

"Da a ce Baba Iro shi ma yana da kaye, kina jin zai sha wahala wurin rubuta amsarki?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Bai yi dariya ba, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Ni ba ni shiga maganar gidanku, ba hurumina ba ne. Ta aiki zan gaya miki. Duk tambayoyin nan tara, kin san amsarsu kafin ki yi. Wanga ba tambaya ba ce, bita ce. In kina so ki san ko yaro yana tunani, sai ki tambaye shi abin da ke kanki ba ki san mi zai ce ba." Ya rufe kayen ya miƙo mini. "Jibi ƙarfe takwas zan tada moto. Takardar da ke cikin jakata za ta Keita. Wadda ba ta ciki, sai baɗi."

Na koma aji na ƙarasa darasin rabawa. Da na gama na juyo na ce, kamar kullum, "Kun gane?"

"Wi, madam!" Wato e, murya hamsin da huɗu, lokaci guda.

Har da Rukaiya ta layin baya, wadda nake ganin allonta daga inda nake, babu ko ɗaya daidai. Ni na koya musu wannan amsar. Tun farkon shekara nake yabon wanda ya fi ɗaga murya.

Alhamis bayan la'asar na ji ƙarar moton Hafizu, babur ɗin nan nasa. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda ya taɓa cewa tana yi mini kyau, na ɗora farin hijabi, na ɗan shafa turare. Na dama hura da nono a kwanon sha mai murfi. Sai na tsaya, na koma, na ɗauki takardar da baƙin bik na sa ƙarƙashin hijabi.

Yana zaune a zaure kan tabarma, cikin shadda ruwan toka, ƙurar hanya a gefen hularsa. Ƙanshin turarensa da na albasa sun haɗu, ƙanshin da in na ji a kasuwa sai na waiga. Ya kawo wa Inna lemu da sabulu a leda. Ya sha hura, ya yaba, ya ba ni labarin wani direba da ya juye buhu goma a kwalbati. Na yi dariya inda ya kamata.

Sannan na fito da takardar, na shimfiɗa ta a kan tabarma tsakaninmu, na ɗora bik a kai.

Ya dube ta. Ya yi murmushin nan nasa.

"Kin yi gaskiya, Zuhu…"

"Ban ce komai ba tukuna, Hafizu."

Murmushin ya tsaya a inda yake.

"Ban ce komai ba," na sake cewa a hankali, da muryar da nake yi wa yaron da ya tsorata a gaban allo. "Na san abin da Hajiya ta ce. Na san abin da Baba ya ce. Nawa ma ka sani. Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma wallahi ban sani ba. Kai mi kake so?"

"Ai duk abin da…"

"A'a. Kai."

Ya buɗe baki ya rufe. Ya ɗauki murfin kwano ya juya shi, ya ajiye. A waje wata mai tallan gyaɗa ta wuce, akuyar maƙwabta ta yi kuka, Inna tana daka a cikin gida, ina jin kowace saukar taɓarya. Shekara biyu muna tare, ban taɓa ganin Hafizu ya rasa amsa ba. Na tuna Mushe Waya, wanda ko ƙiftawar ido ba ya yi kafin ya fara zuba. Wani abu mai kama da murna ya taso mini. Na ce a raina, Nafisa, zo ki gani, yana tunani.

Da ya yi magana, ba da muryar vokal ba ce. Ta yi ƙasa, ta yi kaushi.

"Ba ni so ki yi aikin."

Na ji kamar an zare tabarmar.

"Ba Hajiya ba ce," ya ce, idonsa a kan kwano. "Ita da farko cewa ta yi mi ya dame ta, ai alheri ne. Ni na roƙe ta ta ce ita ce."

"Don mi?"

"Kin tuna ranar da na zo da takardar duwan, ta ƴan kwastan, ina tare da su Rabo, abokan kasuwancina? Mu huɗu mun kwana biyu muna juya ta, mun rasa gane ta. Kika karɓa, kika karanta a tsaye, kika gaya muna abin da ke ciki, kika miƙo mini. Tun ranar, a tasha ba mai kirana Hafizu. Ɗan ajin madam suke ce mini. In na yi kuskuren lissafi su ce a kira madam. Ni a CE1 na bar lakwal, Zuhu, kin sani. Ina son ki, Allah shi ne shaida. Amma in kina fita kullum da jaka a Madawa, gaban kowa, ni ban san inda zan sa kaina ba."

"Mi ya hana ka gaya mini tun farko?"

"In na gaya miki sai ki ba ni amsa. Kuma amsarki za ta fi tawa. Kullum tana fi."

Masu karatu, na nemi mutum, na kuwa same shi. Da ma bayan kin yi gaskiya ɗin nan ba fanko ba ne, akwai wani zaune a ciki yana jin kunya. Tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Na so in ce masa su Rabo ba su kai ƙurar takalminsa ba. Na so in ce zan koya masa karatu a ɗaki, ba mai ji, sai na gane wannan ma wuƙa ce. A lokaci guda kuma na ga ƙofar da nake ta nema ta rufe gaba ɗaya. Da Hajiya ce, ana iya aika mata manya. Wannan fa, wa za a aika wa?

"To yanzu kin ji," ya ce. Ya ɗago ya dube ni. "Mi kika ce?"

Na ji ta tana tahowa. Ta taso daga ciki, ta hau maƙogwaro, harshena ya riga ya taɓa bayan haƙora. Kalma ɗaya ce, ƙarama, mai sauƙi. In na sake ta, zai yi murmushi, Inna za ta yi barci, Baba Iro zai sa albarka, akwatuna su zauna inda suke. Shi ma na ga yana jiranta. Kafaɗunsa sun fara sauka tun ban furta ba, kamar yadda nawa ke sauka in yara sun fara "Wi".

Na danne ta da haƙori. Na ji zafin cizon har kunne.

"Na ji, Hafizu. Na gode da ka gaya mini gaskiya, ta fi mini duk vokal ɗin da ka taɓa turowa. Ina son ka. Ba ni so in maida kaya. Aikina kuma ba zan ajiye ba."

"Ba a haɗa biyun."

"Ban sani ba ko ana haɗawa. Ban taɓa gwadawa ba. Kai ma ba ka taɓa ba."

Na jawo takardar, na ɗora ta a kan gwiwata. Bik ɗin ya ƙi kamawa, sai da na goga shi a tafin hannu. Na sa hannu a gabansa, a hankali, kowane harafi a wurinsa, na rubuta kwanan wata.

Ya daɗe yana kallon wurin. Bai ce na yi gaskiya ba. Bai ce za mu duba ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe shaddarsa, ya sa takalmi, ɗaya ma bai shiga daidai ba ya fita da shi haka. Ledar lemu tana nan jingine da bango.

Na zauna da takarda a hannu ina saurare. Moto ya tashi a bugu na biyu. Na san ƙararsa kamar muryar mai shi. In ya nufi hanyar Madawa, ƙarar takan yi dama, ta bi gangare, ta daɗe tana raguwa kafin ta ɓace.

Ba ta yi dama ba. Ta yi hagu, ta yi tafiyar da ba ta fi taku talatin ba, ta mutu.

Ƙofa ɗaya ce a wurin, ta Baba Iro.

Daga cikin gida taɓarya ta tsaya. Inna ta leƙo zaure, gari a hannunta har gwiwar hannu. Ta dubi wurin da Hafizu ya tashi, ta dubi takardar, ta dubi bik. Inna ba ta karatu, amma ta san yadda sa hannu yake. Na jira ta ce in yi haƙuri.

"Wane lokaci mushen naku zai tashi gobe?" ta ce.

"Ƙarfe takwas, Inna."

Ta goge hannu a zane, ta miƙo.

"Kawo ta nan. Baba Iro ba shi shiga ɗakina."

Ta naɗe takardar sau biyu, ta cusa a ƙugun zanenta, ta koma ciki. Taɓarya ta ci gaba. Ta bayan katanga kuma na ji Baba Iro ya yi gyaran murya, ya kira sunana cikakke, irin kiran da bai yi mini ba tun ina ƴar shekara goma.